Taƙaitawa: Kafin A Ba Kafinta Aikin Teburin Taro

Cikin shawarwarin da ake ba mai son a yi masa teburin taro, wadda aka fi nanatawa ita ce a auna ɗakin tukuna. Kowane mai zama na buƙatar faɗin santimita 60 zuwa 75, a kuma bar aƙalla mita 1 tsakanin tebur da bango, don mutum ya ja kujera ya tashi ba tare da ya tayar da na kusa ba. Tsayi kuwa, santimita 75 ya wadatar.

An ja hankali kan ɗanyen katako: yana bushewa sai ya tsage ko ya lanƙwashe. Ramukan wayoyi da soket a tsara su tun a zane.

Abin da ya fi kama ni shi ne batun ƙofa. Dogon tebur a yi shi gunduwa-gunduwa, a haɗa a ciki, in ba haka ba a ƙofa ko a matakala zai maƙale.