Musayar Waƙa: Ƙurar Hunturu da Takin Teku

Ɗan Damagaram:
Assalamu alaikum. Kwana uku ke nan hazo ya rufe garinmu, kuma na ga ya dace a yi wa ƙurar nan adalci, domin wani ɓangare nata da ke tasowa daga kwarin Bodele na arewacin Chadi yakan ƙare a tekun Atlantika, ɗauke da sinadarin ƙarfe. Kashi 78 cikin 100 na iskar duniya naitirojin ne, amma ƙananan halittu kaɗan ne ke iya mayar da shi taki. Ga nawa, da amsa-amon "wa".

Bismillahi da shi nake buɗewa,
Mai teku da iskar da ke kaɗawa.

Iska cike take da naitirojin,
Amma a ƙulle yake, ba ya ciwuwa.

Ƙulli uku ne ya ɗaure shi tamau,
Kifi da ciyawa ba sa kwancewa.

Sai 'yan ƙwayoyin da ido bai gani,
Su ke da mabuɗi, su ke warwarewa.

Mabuɗin nan kuwa ƙarfe yake so,
Tsakiyar teku ko ba ta samarwa.

Sai ƙurar Bodele ta tashi da hunturu,
Ta wuce kanmu, Atlantika take ciyarwa.

Don haka tekun zafi shi ne gona,
Na sanyi faƙo ne, ba ya nomuwa.

Bazazzagiya:
Wa alaikumus salam, Malam. Baiti shida na farko na karɓa, na bakwai kuwa ban yarda da shi ba.

Malam ka yi kyau har ka kai na shida,
Na bakwai ya yi tuntuɓe, ya yi faɗuwa.

Ka zauna a Damagaram kana auna teku,
Da idon da hazo ya hana shi hangowa.

Tirikodesmiyam kaɗai ka sani,
Mai kama da dussa a kan ruwa yana watsuwa.

Shi mai son ɗumi ne, ban musa ba,
In ruwa ya yi sanyi yakan yi janyewa.

Amma ƙaninsa na can tekun Bering,
Kusa da ƙanƙara, bai fasa kwancewa.

Ƙanin da nake nufi shi ne wanda masana ke kira UCYN-A, wanda Jonathan Zehr da abokan aikinsa suka gano alamarsa a 1998 ta hanyar ƙwayoyin gado. A 2018 an wallafa cewa yana aikinsa a tekunan Bering da Chukchi, tsakanin Alaska da Rasha.

Baban Sadiya:
Allah ya ƙara basira, Malama! Duk wanda ya san waƙa ya san an gama magana daga baitin hazo. Zazzau ba ta taɓa ba mu kunya ba.

Bakatsine:
A yi haƙuri, ilimi dabam, karin waƙa dabam. Malam ya buɗe da ɗango mai gaɓa 11, amma ɗangon Malama na dussa gaɓa 15 ne cur, kuma sunan da ta cusa a ɗangon da ke gabansa shi kaɗai ya cinye gaɓa 6. Wanda zai rera wannan sai numfashinsa ya ƙare a hanya.

Ɗan Damagaram:
Malama, dussar nan da kike rainawa ita ce matuƙan jirgin Kyaftin Cook suka gani a gaɓar Ostareliya a 1770, kuma a 1961 aka nuna a tekun Sargasso, wani yanki na Atlantika, cewa tana kwance naitirojin.

Kin kai mu Bering da bakin alƙalami,
Ke da hunturun Samaru kan hana ki fitowa.

Ban ce babu kowa a ruwan sanyi ba,
Na ce girbinsa bai kai mudun aunawa.

Can iska na gauraya ruwa har ƙasa,
Takin da ke zurfi shi ke ta tasowa.

Wanda rumbunsa ke cike da hatsi,
Me zai kai shi sassabe da huɗawa?

Tekun zafi ruwansa ya kwanta hawa-hawa,
Na sama da yunwa, na ƙasa ba ya hawowa.

Dubi Atlantika ta arewa da ta kudu,
Inda ƙura ta fi sauka aka fi kwancewa.

Baban Sadiya:
Malam Bakatsine, da girmanka, ba da ƙirgen gaɓa kaɗai ake auna waƙar Hausa ba. Nauyin gaɓa ake dubawa, mai nauyi da marar nauyi, kamar yadda aruli ya tanada, kuma a wasu karuruwan gaɓa biyu marasa nauyi kan tsaya a gurbin ɗaya mai nauyi. Me ya sa ba ka ƙirga baitin Bodele na mutuminka ba?

Bakatsine:
Ba mutumina ba ne, kuma baitin Bodele ma yana ɗingishi, na yarda. Amma idan da nauyi za a auna, to ka fitar mana da ƙafafun ɗangon dussa ɗaya bayan ɗaya, mu gani ko Mutaƙarab ne ko Kamil.

Bazazzagiya:
Ku bar mini ɗangona, zan gyara shi da kaina. Malam nake wa magana.

Jiya ka ce faƙo, yau girbi kaɗan,
Maganar dattijo ba ta saurin juyawa.

Mudun da kake awo da shi yana yoyo,
An daɗe da gano cewa yana ragewa.

Jirage sun fi zuwa inda aka zata,
Inda ba a je ba, wa zai yi rantsuwa?

Ƙaramin nan ya bar gidansa tuntuni,
Cikin gansakuka ya sami maƙalewa.

Ita ta ba shi ci, shi ya ba ta taki,
Har sun zama jiki guda, ba rabuwa.

A 2010 masana a Kiel ta Jamus sun nuna cewa kumfar iskar da ake sakawa cikin kwalbar ruwan teku don awo ba ta narkewa da wuri, saboda haka alƙaluman da aka tara ta wannan hanya sun gaza ainihin abin da ke faruwa. A 2024 kuma aka tabbatar cewa UCYN-A ya zama sashe na jikin gansakukar da yake zaune a ciki, yana rabuwa tare da ita idan za ta hayayyafa.

Bakatsine:
"Rantsuwa" da "rabuwa" sun zauna daidai, wannan kam na yaba. Har yanzu ina jiran Baban Sadiya.

Mai Gyaɗa:
Salamu alaikum iyayena, sai yau na samu intanet, kuma ni ba gwani ba ne.

Mu nan gona mun san wake da gyaɗa,
Ƙululun saiwarsu ke sa ƙasa farfaɗowa.

Ashe teku ma tana da irin nata waken,
To iskar da muke shaƙa ba ta cutar da shi kuwa?

Ɗan Damagaram:
Sannu da zuwa, ɗana, tambayarka ta fi rigimar ƙafafu amfani. Oksijin yana lalata mabuɗin, don haka kowace halitta da dabararta. Malama, na janye kalmar faƙo, amma ban janye ƙura ba, domin kwarin Bodele gindin tsohon babban tafkin Chadi ne, kuma farar ƙurarsa ragowar ɓawon gansakukar da ta rayu a cikinsa ce.

Wata da rana take haɗa abinci,
Sai dare ya yi ta shiga kwancewa.

Wata a bakin Amazon take ɓuya,
Cikin ɓawon gansakuka take fakewa.

Irin ɓawon nan ne ya bushe a Chadi,
Shi ne yau a tagata yake taruwa.

Malama faɗa mini wa ke kai ƙarfe Bering,
Tunda hunturunmu can ba ya isowa.