Babana yana tsoron ayyukansa ba su isa ba, me zan faɗa masa?

Mai tambaya: Salama 'yan'uwa cikin Almasihu, don Allah ku ba ni shawara. Babana yana kwance ba lafiya, sai da ya tsufa ya karɓi Yesu aka yi masa baftisma, yanzu dare na yi sai ya riƙe hannuna yana cewa shi bai yi wa Allah komai ba, ƙuruciyarsa duk a gidan burkutu ta ƙare, ko zakka bai taɓa bayarwa yadda ya kamata ba, da wane ido zai dubi Ubangiji. Na ce masa Allah mai jinƙai ne amma hankalinsa ya ƙi kwanciya.

Wani dattijon ikilisiya: Ɗiyata sannu, Allah ya ba shi sauƙi. Ki buɗe masa Romawa sura 4 a Littafi Mai Tsarki ki karanta a hankali da Hausa. Ibrahim ya gaskata Allah aka lasafta masa adalci tun a Farawa 15, kaciya kuma sai a sura 17 ta zo, kin ga ba aikinsa ya saya masa ba. Bulus, wanda ya rubuta Romawa, ya ce ma'aikaci ladansa hakkinsa ne, amma adalcin nan kyauta ne, hannu kawai ake miƙawa a karɓa. Baba yana lissafi ne kamar bashi ake binsa, alhali Almasihu ya riga ya biya a kan gicciye.

Wani matashi: Baba dattijo ban ƙi ba, amma fa Yakubu 2 ya ce bangaskiya ba ayyuka matacciya ce, kar mu manta da wannan.

Wata mama daga zumuntar mata: Ɗana gaskiya ne, amma Yakubu da masu bangaskiyar baki yake, waɗanda za su ga ɗan'uwa da yunwa su sallame shi da fatan alheri. Wannan tsohon kuka yake kan zunubinsa, matacciyar bangaskiya ba ta kuka. Ɗiyata ki tuna masa da ɓarawon nan da aka gicciye tare da Yesu a Luka 23, wane aiki ya yi, hannuwansa ma a kafe suke, amma a ranar Yesu ya yi masa alkawarin Firdausi. Kuma ki gaya wa fasto ya kawo masa jibin Ubangiji gida, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Yesu, ku yi waƙa tare ko muryarsa ba ta fita sosai.

Mai tambaya: Na gode mama, na gode baba. Yau da yamma zan kira fasto, ku ci gaba da sa mu a addu'a.