Tsakanin practice da practise, wanne ne daidai?

Tambaya:
Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina neman ƙarin haske a kan kalmomin Turanci guda biyu, wato practice da practise. Furucinsu ɗaya ne, amma ina ganin ana rubuta ɗaya da c, ɗaya kuma da s, wani lokaci ma a shafi guda. Shin akwai ƙa'ida ne, ko kuwa kowa yana rubuta wadda ya ga dama?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Akwai ƙa'ida, sai dai kunne ba zai fishe ka ba a nan, dole ne ka duba aikin da kalmar take yi a cikin jimla. A Turancin Ingila, mai harafin c suna ce, mai harafin s kuma aikatau ce, shi ya sa ake rubuta "I need more practice" amma "I practise every day". Dabarar da na fi amincewa da ita ita ce ka cire kalmar ka gwada advice ko advise a gurbinta, domin su waɗannan biyun bambancinsu yana fita a baki: ta farko tana ƙarewa da sautin s, ta biyun da sautin z. Idan advise ce ta zauna daram a wurin, to aikatau ake buƙata, sai ka rubuta practise. Haka abin yake tsakanin licence da license.

Amsa ta biyu:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, amma ya kamata mai tambaya ya sani cewa Amurkawa ba su bin wannan rabe-rabe. Su practice suke rubutawa ko suna ce ko aikatau, a tsakanin licence da license kuwa, license suka riƙe a duka biyun. Yawancin bambancin rubutu tsakanin ƙasashen biyu ya samu gindin zama ne da ƙamus ɗin Noah Webster, wani Ba'amurke masanin harshe, na 1828. Wannan ne dalilin da kwamfutar da aka saita a Turancin Amurka take ja wa practise jan layi alhali ba kuskure ba ce. Shawarata ita ce ka zaɓi tsari ɗaya ka tsaya a kansa daga farkon rubutu har ƙarshe.

Amsa ta uku:
Tunda an ambaci advice, a kula cewa ba a yi mata jam'i, kuma ba a sa mata kalmar Turanci "an" a gaba. Wanda yake nufin shawara guda sai ya ce "a piece of advice".