Na goge wa ɗana GTA ya ɗaure min fuska, me kuka ba naku a madadinsa?

Maman Khalifa, Unguwar Dosa

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema a wajen waɗanda abin ya taɓa faruwa a gidajensu. Yarona shekararsa 12. Ranar Asabar ina tsintar shinkafa a falo sai na ji jiniya tana ta tashi daga tsohuwar wayar da babansa ya bar masa. Na leƙa, sai ga wani ƙato a allo ya fincike direba daga mota, ya shige, ya bi ta kan mutane a gefen titi, yaron nan ko a jikinsa, har da 'yar dariya. Ya ce min wasan gem ne mai suna GTA, wai San Andreas, abokinsa na islamiyya ne ya tura masa. Nan take na goge. Yau kwana biyar ke nan, daga "ina kwana Umma" ba ya ƙara komai. Kuma na san gogewar ba ta kashe maganar ba, tunda akwai gidan gem a bayan layinmu. Ku da kuka raba naku da shi, me kuka ba su?

Mai gidan gem, Tudun Wada

Wa alaikumus salam Hajiya. Ni sana'ata ce, shekara takwas ina zaune a bayan yaran nan ina kallon ƙeyarsu, don haka bari in gaya miki abin da idona ya gani.

Gogewar da kika yi daidai ne. A jikin kwalin GTA V akwai jan tambari mai lamba 18, masu tantance wasannin da kansu ne suka ce ba na yara ba ne, kuma ba harbin kaɗai ba, akwai ashar da wuraren da ba zan iya rubutawa a nan ba. San Andreas ɗin ma haka. Tun 2004 ya fito, ya girmi yaran da suke buga shi.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Yaran da suke biyan kuɗi in sa musu GTA, kaɗan ne suke bin labarin. Da yawansu ba su taɓa gama mishan uku ba, wato ayyukan da wasan yake ba ka. Akwai wanda da ya karɓi fad, abin da ake riƙewa a buga wasan, zai nemi mota mafi kyau, ya hau babban titi ya yi ta gudu har lokacinsa ya ƙare, bai taɓa kowa ba. Akwai wanda gareji yake kai motar, ya canza fenti, ya canza taya, ya ja baya yana kallonta kamar tasa. Akwai wanda yake zuwa da takarda a aljihu, duk ta yi laushi don naɗewa, cike da lambobin cit, wato na satar hanya a wasan, burinsa ya tara taurari biyar na laifi 'yan sanda su biyo shi ya ga minti nawa zai yi kafin su kama shi. Sai masu zuwa su biyar da kuɗin mutum ɗaya, su dai ihun da musun suke so.

Ki kira shi ba da faɗa ba, ki ce ya ba ki labarin abin da yake yi a ciki. Daga bakinsa za ki ji abin da za ki nemo. Ni a shagona na daina sa wa ƙananan yara shi, kuma gaskiya na yi asarar kwastomomi, sun koma wani wajen.

Baban Hanifa, Mando

Hajiya nawa na tuƙi ne, kuma gado ya yi, don na yi shekara 19 ina jan tirela tsakanin Kaduna da Legas kafin baya ya hana ni. Ƙanina ne ya sa masa Euro Truck Simulator 2 a wata tsohuwar laftof. Wasan 2012 ne, wani kamfani a ƙasar Cek ya yi shi, ba ya buƙatar babbar na'ura. Babu bindiga, babu duka. Za a ba ka kaya ka kai wani gari, ka sha mai a hanya, barci ya kama ka sai ka faka ka kwanta, ka karya danja a ci tararka nan take, babu "a taimaka oga".

Kwana biyun farko ya ce wasan tsofaffi ne. Ran na uku na zo wucewa na same shi yana ta fama da ribas, bodin ya ƙi shiga wajen sauke kaya, sai lanƙwashewa yake. Na tsaya a kansa na ce, kai, in kana so gindin ya tafi hagu sitiyari dama za ka fara murzawa, kuma a hankali. Ya gwada, ta shige tsaf. Ya juyo ya kalle ni wani iri, kamar ranar ya fara yarda cewa ubansa ya san wani abu. Yanzu in mun bi ta Mararrabar Jos shi yake nuna min wadda aka faka ba daidai ba.

In waya ce kawai da ku, akwai Bus Simulator Indonesia. Ana ɗaukar fasinja, kuma yaro zai iya yi wa motar fentin da yake so. Ɗan maƙwabcina ya rubuta "Kawo zuwa Kano" a gaban tasa, a baya kuma "Haƙuri maganin zaman duniya".

Anti Malama, Malali

Ni ɗan yayata ne nake riƙo, kuma shi mai gine-gine ne ashe. Minecraft na saya masa a waya. Akwai tsarin da ake ba ka duk kayan gini kyauta, ba yunwa ba mutuwa, akwai kuma inda za ki kashe dodannin gaba ɗaya. Na 'yan shekara 7 zuwa sama ne. Ya kwashe hutun nan yana gina gadar Kawo, har da fitilu, ya ce saura Masallacin Sultan Bello. Sai dai Maman Khalifa kar in ɓoye miki, cin lokacinsa ya fi na GTA ɗin. Sai da na sa Family Link, manhajar ƙayyade wa yaro lokaci, a wayar, awa ɗaya da rabi ta kulle kanta, in huta da "Anti saura kaɗan".

Kawun yara, Rigasa

Ni tawa ba ta yi daɗi irin taku ba, gara in faɗa kar Hajiya ta ɗauka abin da sauƙi.

Ɗan wana shekararsa 15. Na yi bincikena, na samo LEGO City Undercover na na'urar gem ta PS4. A takarda babu abin da ya fi shi dacewa: gari ne buɗe kamar na GTA, motoci, jirgi mai saukar ungulu, ka je inda ka ga dama, sai dai kai ne ɗan sandan, kuma in abu ya fashe 'yan bulo ne suke warwatsewa, ba jini. Na kashe kuɗina. Yaron ya buga minti goma ya ajiye fad, ya ce Kawu wannan ai na su Ummi ne. Kuma da gaske su Ummi ne suka gaje shi, 'yan shekara 7 da 9, su biyu suke bugawa tare suna ta ƙyalƙyala dariya.

Sai daga baya na gane shi ba garin ne ya dame shi ba, ba motar ba. A makaranta hirar GTA ake yi, wanda bai sani ba shi ne ɗan ƙauye. Abin da ya ɗan yi aiki shi ne na ce ranar Lahadi bayan la'asar ya kawo abokansa gida. Suna buga ƙwallo, FC ko eFootball, wani lokaci Rocket League, wanda ake buga ƙwallo da motoci, kyauta ne tun 2020. Matata tana ƙorafin takalma a ƙofar falo da ruwan firij da ba ya kwana. Yana buga GTA a waje? Ina kyautata zaton yana yi. Amma yanzu na san fuskokin abokansa da gidajen iyayensu, da can ban sani ba.

Ɗalibin kwamfuta, Badarawa

Abin da mai gidan gem ya lura da shi a shago, masana sun rubuta shi. Wani Bature ɗan Ingila, Richard Bartle, a 1996 ya kasa masu buga gem gida huɗu: masu son cin nasara da tara maki, masu son yawo da gano wurare, masu son cuɗanya da mutane, da masu son fin ƙarfin wasu. Yaron Kawu na gida na uku ne.

Ni kuma in faɗi gaskiya, na buga San Andreas tun ina firamare, har yau na haddace lambar cit ta HESOYAM, kuma ɓarna nake so. In ga abu ya tarwatse. Irinmu in aka ba mu tirela barci za mu yi. Abin da ya riƙe ni shi ne Burnout Paradise: gari guda ka yi ta gudu kana ragargaza motoci, amma babu mutum ko ɗaya a kan titi da za ka taka. Akwai kuma Goat Simulator, kai ne akuya, kana tunkuyi kana jan kaya da harshe. Shirme ne zalla, amma Umma ki fara kallonsa da kanki, don akuyar tana tunkuyin mutane ma.

Hajiya Kaka, Unguwar Sarki

Ikon Allah. Yanzu an koma sauya wa yaro wani wasan da wani wasan? Ku karɓe wayar, ku ƙara masa hadda, ya fita ya yi ƙwallo da ƙafarsa. Mu da me muka rena namu?

Baban Hanifa, Mando

Allah Ya ƙara girma Hajiya, maganarki gaskiya ce, amma a yi min afuwa in ɗan ƙara. Ina shekara 12 da ƙafa muke tashi daga Tudun Wada har bakin kogi, mu biya ta Murtala Square, sai magariba a gan mu, babu mai nemanmu. Yau wa zai bar ɗansa ya yi haka? Daga gida sai makaranta a Napep, sai islamiyya, sai a kulle get. Filin da muke ƙwallo ma an yi shaguna. Yaron da bai taɓa zuwa Kasuwar Barci shi kaɗai ba, aka ba shi gari uku na cikin San Andreas a tafin hannu ya shiga inda yake so, dole ya manne. Ni bayan wasan tirelar sai da na haɗa masa da keke na hannu, yake zuwa min aike har bakin titi. Ranar da ya yi aike da yawa ko laftof ɗin ba ya buɗewa.

Hajiya Kaka, Unguwar Sarki

To keken dai na yarda da shi.

Maman Khalifa, Unguwar Dosa

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Jiya da daddare na yi yadda mai gidan gem ya ce. Da farko ya zaci tarko ne, sai "ba komai" yake ce min. Da na ce to wane waje ya fi so a ciki, sai baki ya buɗe. Wai akwai wani dutse mai tsawo, Chiliad, yana hawa har ƙololuwa, a can akwai keke da lemar saukowa daga sama, sai ya faɗo da lemar yana kallon gari a ƙasa. Ya fi minti ashirin yana zuba, har da zana min hanyar a bayan littafin lissafinsa. Na ce to mutanen da ka bi ta kansu fa? Ya ce, "Umma ai hanya suka tare." Wannan amsar ba ta kwanta min ba, kuma na gaya masa, mun daɗe a kanta.

Babansa ya ce zai duba keke ranar Asabar. Baban Hanifa, laftof ɗin gidanmu tsohuwa ce sosai, batirinta ma sai a jikin wuta, tirelar za ta tashi a kanta kuwa? Kuma akwai irinsa na jirgin sama wanda waya za ta ɗauka?