Yaya zan yi ƙanina ya samu shiga cikin magoya bayan Pillars?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kan ƙanina. A Legas ya taso, bana ya dawo Kano, kuma son ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kano Pillars ya shige shi sosai. Sai na kai shi majalisarmu ta Fagge, inda muke haɗuwa kafin mu wuce filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata.

Manyan majalisar suka sa shi gaba da tambayoyi: yaushe aka kafa ƙungiyar, wane shekaru ta ci kofin gasar Najeriya? Ya ce 1990, ya jero 2008, 2012, 2013 da 2014. Duk da haka bai tsira ba. Wai a waya ya haddace, bai ga fitaccen ɗan wasan Pillars Rabi'u Ali yana ganiyarsa ba, bai taɓa shan rana a layin tikiti ba. To wa aka haifa da kirarin ƙungiyar, "Sai Masu Gida", a baki?

Yanzu yaron ya ɗauke ƙafa. Na yi wa babbanmu magana, ya ce ai wasa ne. Kuma dattijo ne, ba na son in yi masa rashin kunya.

In nemo masa wata majalisar, ko akwai dabarar da za su karɓe shi ba tare da an ɓata ba?