Diyya ce ko kaso? Neman sunan kuɗin da kamfanonin maganin ƙwari ke biyan juna

'Yan'uwa masu fassara, ina so mu tsayar da magana a kan abin da ake kira "data compensation" da Ingilishi, domin na ga ana cewa "diyyar bayanai", kuma raina bai kwanta da ita ba.

A Amurka, kafin hukumar kare muhalli ta EPA ta yi wa maganin ƙwari rajista, sai kamfani ya kawo sakamakon gwaje-gwaje kan illarsa ga mutum da kifi da tsuntsaye, da ragowar da yake bari a jikin amfanin gona, aikin da ke cin shekaru da dukiya mai yawa. Gyaran da aka yi wa dokar magungunan ƙwari ta ƙasar, wadda ake kira FIFRA, a 1978 ya ba kamfanin da ya kawo sabon sinadari shekara 10 da ba wani kamfanin da zai dogara da bincikensa wajen neman rajistar nasa maganin sai da izininsa. Daga nan har binciken ya cika shekara 15 da miƙawa, wani na iya dogara da shi, amma sai ya yi tayin biyan mai binciken (wannan biyan shi ne "data compensation"), in kuma farashi ya gagara, masu sasanci su yanke hukuncin da ba makawa sai an bi. Kotun Ƙolin ƙasar ta amince da wannan sasanci a 1985.

A kunnen Bahaushe diyya tana bin ɓarna ne ko rashi: shanu sun cinye gero, an zubar da jini, gwamnati ta karɓi gona don yin titi. Masu son kalmar suna da 'yar hujja, tunda kamfanin Monsanto, mai yin magungunan gona, ma ƙarar ƙwace dukiya ya kai kan barin wasu su amfana da bincikensa, wadda Kotun Ƙolin ta yanke a 1984. Sai dai kuɗin da muke magana a kai ba na ɓarna ba ne, domin binciken yana nan hannun mai shi.

Wani abokin aikina ya kawo "hayar bincike", amma abin haya ana mayar da shi. La'ada kuwa ta dillali ce.

Abin ya fi kama da mutumin da ya haƙa rijiya da guminsa, maƙwabci ya zo daga baya da gugarsa, aka ce ya ɗauki wani abu daga kuɗin haƙa maimakon ya tona tasa a gefe. Saboda haka nake ganin mu ce "kason kuɗin bincike". Ku gwada ta a jimla: kamfanin ya ƙi biyan kason kuɗin bincike, sai aka kai maganar gaban masu sasanci.