Yaya kuke bambanta ire-iren Dalea a filayen ciyawar Amurka?

Ɗalibin Kiwo, Kansas:
Assalamu alaikum. Ina karatun ilimin kiwo, kuma a wannan bazarar an sa ni cikin masu ƙidayar tsirrai a filayen ciyawa na yankin Flint Hills. Cikin abubuwan da ake so mu rubuta akwai tsirran nan na dangin wake da gyaɗa waɗanda masana ke kira Dalea, musamman Dalea purpurea mai fure shunayya da Dalea candida mai farin fure. Matsalar ita ce muna fita ne tun kafin su yi fure, a lokacin da dukkansu kore ne kawai a tsakiyar ciyawa. Ina roƙon waɗanda suka riga ni wannan aiki su faɗa mini abin da suke dubawa.

Bakatsine, Nebraska:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ganye za ka riƙa dubawa, domin shi ne ba ya jiran lokaci. Kowane ganye na Dalea a rarrabe yake zuwa ƙananan 'ya'ya, kuma a nan bambancin yake. A jikin purpurea 'ya'yan ganyen uku ne zuwa biyar a mafi yawan lokuta, sirara ƙwarai, gefensu a naɗe zuwa ciki, har mai kallo daga nesa zai ɗauka allurai ne. A jikin candida kuwa sukan kai biyar zuwa tara, sun fi faɗi, a buɗe suke, korensu kuma ya fi haske. Na saba tsinko ganye ɗaya daga kowane tsiro in ɗora su a tafin hannu gefe da gefe, kuma da zarar ido ya ga wannan bambanci da kyau, ba ya sake ɓace masa. Sai dai ka ɗauki ganyen daga tsakiyar kara, saboda na can sama kusa da zangarniya sukan yi ƙanana a duka biyun.

Malama Mai Lambu, Minnesota:
Abin da Malam ya faɗa daidai ne, amma ina so in ja hankalinka game da launin fure ko da lokacinsa ya zo. Na shuka purpurea a lambuna daga irin da na saya, sai wani tsiro a cikinsu ya fito da fure fari fat, alhali ganyensa siriri ne irin na 'yan'uwansa. Ana samun irin wannan jefi-jefi, kuma duk wanda ya dogara da launi kaɗai zai rubuta shi a matsayin candida. Abin da ya raba mini gardama shi ne zangarniyar kanta. Ta purpurea a lulluɓe take da gashi mai laushi, launin toka-toka, tun kafin furen ya buɗe, ita kuwa ta candida kore ce, gashinta kaɗan ne ko babu, da 'yan tsinke masu tsini suna leƙowa tsakanin ƙullin furannin. Wannan alama tana nan har cikin hunturu bayan komai ya bushe, domin kawunan purpurea suna riƙe da tokarsu. Ka sayi ƙaramin gilashin ƙara girma ka rataya a wuya. Da shi za ka ga ɗigo-ɗigon da ke bayan ganyen, waɗanda su ne ke fara tabbatar maka cewa Dalea ce a hannunka.

Bakatsine, Nebraska:
Ranki ya daɗe, kin tuna mini da ta uku. A tuddan yashi na Sandhills a nan Nebraska akwai Dalea villosa, wadda ban taɓa ganinta a ƙasa mai laka ba, sai a jigawa. Ita gaba ɗayanta gashi ne, kara da ganye, taɓa ta kamar taɓa ƙaramiski, 'ya'yan ganyenta kuma sun haura goma, a cunkushe. Zangarniyarta ta fi tsawo, takan ɗan lanƙwasa, furen kuma ruwan hoda ne mai haske. Wanda ake rikita ta da shi ba Dalea ba ne ma, wani ɗan'uwansu ne mai suna Amorpha canescens, shi ma toka-toka ne mai yawan 'ya'yan ganye. Bambancin shi ne Amorpha ƙaramin itace ne, gindinsa da tauri, kuma kowane furensa fatar fure ɗaya tak gare shi.

Bazazzagi, Oklahoma:
Tunda a Kansas kake, kada ka ɗauka duk farar Dalea candida ce. A nan kudu muna da Dalea multiflora, kuma tana shiga jihar taku. Kawunanta ƙanana ne, kusan a dunƙule, suna da yawa a kan tsiro mai rassa, saɓanin candida da zangarniyarta ke da tsawo. Akwai kuma Dalea enneandra, doguwa, mai kara guda da ke rassa a sama, furanninta a warwatse, da gashi kamar gashin tsuntsu a gindin kowanne. Ita ce ta sa na koyi ƙirga zaruruwan da ke ɗauke da garin fure: tara gare ta, su kuwa purpurea da candida biyar ne. Wannan ƙirga tana da tarihi, domin a tsofaffin littattafai masu zare biyar ɗin suna ƙarƙashin wani suna daban, Petalostemon, har zuwa 1977 lokacin da masanin tsirrai Rupert Barneby ya haɗe su cikin Dalea. Saboda haka idan ka ci karo da tsohon rahoton ƙidaya mai ɗauke da wancan suna, tsirran da kake ƙirgawa ne ake nufi.

Dakta, Tennessee:
Abin da zan ƙara ya fi shafar masu aiki a gabas, amma yana nuna amfanin duba ƙasar da tsiro ya fito a kai da kuma watan da ya yi fure. A tsakiyar Tennessee akwai wasu fili-fili inda dutsen farar ƙasa ke kwance dab da sama, ƙasar ba ta da zurfi, kamar yadda ake gani a gandun Cedars of Lebanon. A irin wuraren nan ake samun Dalea gattingeri, wadda aka sa wa sunan likita Augustin Gattinger, da kuma Dalea foliosa, wadda gwamnatin Amurka ta sa cikin jerin tsirran da ke fuskantar ƙarewa a 1991. Dukkansu furensu shunayya ne, kuma baƙi da dama da na zagaya da su sun yi murnar ganin foliosa alhali gattingeri ce a gabansu. Gattingeri a kwance take a ƙasa, 'ya'yan ganyenta kaɗan ne, tana fure tun daga Mayu zuwa Yuni. Foliosa a miƙe take, ba ta da gashi, 'ya'yan ganyenta sukan haura ashirin, kuma sai ƙarshen Yuli zuwa Agusta take fure. A jihohin Tennessee da Alabama da Illinois kawai ta saura, don haka wanda ya yi zaton ya same ta ya ɗauki hoto ya bar ta a inda take, kada ya tsinka.

Ɗalibin Kiwo, Kansas:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na gwada dabarar tafin hannu, kuma ta yi aiki a kan manyan tsirrai. Inda har yanzu nake tsayawa shi ne wuraren da shanu suka yi kiwo, domin suna son Dalea sosai, sukan cinye ta har kusa da gindi, ganyen da ya sake tohowa kuma ƙanana ne, 'ya'yansa ba su cika ba.

Malama Mai Lambu, Minnesota:
A irin wannan hali, ɗana, kada ka tilasta wa kanka suna. Ka rubuta Dalea kawai, ka kafa ɗan turke a gefen tsiron, ka ɗauki lambar wurin a wayarka. Saiwarta doguwa ce, takan nutsa fiye da mita ɗaya cikin ƙasa, saboda haka kiwo ba ya kashe ta da sauƙi, tsiron yana nan inda ka bar shi. Idan an janye shanun daga wannan shinge, ka koma cikin Yuli ka duba ganyen tsakiyar kara da gashin zangarniya, sannan ka cike gurbin a takardarka.